Madarunfa: ranar da iska ta auna mana zurfin tafki

Kimanin kilomita 25 kudu da Maraɗi, tafkin Madarunfa yana nan kwance tsakanin gonaki da kaburburan waliyyai. A kakar 2024, bayan damina mai ambaliya, mu abokai uku muka shiga jirgin wani dattijo masunci da niyyar shan iska. Mun kuwa sha ta har ta ishe mu, ta kuma nuna mana abin da ba shi muka je nema ba.

Gulbin da yake baƙo

Mai karatu, in kai mutumin Yamai ne ko na Gaya, wanda ya saba ganin kogin Kwara yana malala rani da damina, da wuya ka gane yadda mu mutanen Maraɗi muke ɗaukar namu gulbin. Namu baƙo ne. Yakan sauka in damina ta kankama, ya yi wata uku ko huɗu yana ruri, kafin a gama ɗaure damman gero ya yi sallama, ya bar mana shimfiɗar rairayi wadda yara ke buga ƙwallo a kanta, amalanke na ratsawa. Daga ƙasar Katsina ta Nijeriya yake fitowa, inda ake ce masa Gada. Ya ratso Jibiya, ya shigo ƙasarmu, ya wuce Madarunfa da Jiratawa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya sake komawa Nijeriya ya faɗa gulbin Rima, daga can sai Sakkwato, sai Kwara, sai teku. Watau sau biyu yake tsallake iyaka, ba a taɓa tambayarsa takarda ba. Kada kuma a raina shi don yana ƙafewa: a 1945 shi ne ya cinye tsohon birnin Maraɗi da ke cikin fadama, har aka ta da garin aka mai da shi bisa tudun da yake a yau.

Saboda haka duk mai sha'awar tuƙa jirgi a ƙasar Katsinar Maraɗi, tilas ya san lokaci, tilas kuma ya nufi Madarunfa, inda Allah ya yi wa ruwa masauki. Tafkin yana sha daga babban gulbi in ya tumbatsa, yana kuma sha daga ƙanensa, Gulbin Gabi, mai gangarowa daga kudu maso yamma. In ya cika ya batse yakan rufe wajen hekta 800, in rani ya yi nisa ya janye ya ragu.

Mu uku ne. Tun muna ɗalibai a lisen Ɗan Baskore aka taɓa kawo mu nan yawon buɗe ido, aka hana mu shiga jirgi, muka tsaya bakin gaɓa muna haɗiyar miyau, muka yi wa juna alkawarin wata rana sai mun ratsa ruwan nan da hannunmu. Shekara goma sha bakwai alkawarin yana jiranmu. A tsakanin nan ɗaya ya zama malamin lakwal a ƙauye, kowa Mushe yake ce masa. Ɗaya ya gaji shagon mahaifinsa a babbar kasuwa, ya sauke farali, ya zama Alhaji. Ni kuma ga ni da alƙalami. Zumunci bai yanke ba, amma ya koma na suna da jana'iza, irin wanda ake gaisawa a tsaye.

Wata Asabar ta farkon Nuwamba muka fito tun da sassafe cikin motar Alhaji. Kaka ta yi kaka. An yanke gero, rumbuna sun ɗauki sababbin huluna, mata na roron wake, gawo da ya yi damina tsirara ya fara fid da ɗanyen ganye. Shamuwa ta daɗe da tafiya. Ta gabas kuma sama ta yi fari-fari, alamar hunturu ya aiko ɗan saƙonsa.

Wanda ya shiga ma'aikaci ne

A mashigi muka tarar da jirage sun yi layi an ɗaure, masunta na zaune suna ɗinkin koma. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mana wani abu, da muna da kunnen ji. Aka nuna mana wani dattijo, siriri, baƙi wuluk, mai hannuwa kamar saiwar tsamiya. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka faɗi buƙatarmu: mu ratsa tafki, mu shiga bakin Gulbin Gabi iyakar inda jirgi zai iya, mu komo kafin la'asar. Bai dube mu ba, kan itatuwa ya duba.

Ya ce: «Samari, yau ba ranar yawo ba ce. Iskar ga da kuke ji, gaisuwa take yi tukuna. In hantsi ya ɗaga za ta hwaɗi abin da ke tahe da ita.»

Alhaji, wanda ya saba da cewa kowace ƙofa tana da kuɗinta, ya ce: «Baba, in don kuɗin ne, ga jika goma.»

Dattijo ya yi murmushi, ya karɓi biyar ya mai da biyar. Ya aiki jikansa ya ɗauko filafili biyu da wata ƙwarya mai tsaga, ya ce: «Yau ban ɗauki ɗan zaune ba. Wanda ya shiga, ma'aikaci ne.» Ya ba Mushe filafili ya zaunar da shi gaba, ya ba Alhaji ɗaya ya sa shi tsakiya, ni ya miƙa mini ƙwarya. Da na nemi bayani sai ya ce ai ya ji an ce ɗan jarida ne ni, aikinmu kwasar abin da ya shigo mu watsa waje.

Jirgin na katako ne, mai shimfiɗaɗɗen ciki, an toshe mahaɗansa da tsumma da kwalta. Dattijo ya tsaya a baya da gwangwalarsa, ya yi bisimilla, ya tura.

Tafiyar zuwa kam, sai dai mu ce alhamdu lillahi. Iska tana bayanmu, tana tura mu kamar uwa mai koya wa ɗa tafiya. Mushe da Alhaji suna tsoma filafili yadda suka ga dama, wannan ya ja dama, wancan ya ja hagu, jirgi na gudu, kowa yana zaton ƙarfinsa ne. Ruwa ya yi launin kunun kanwa, bado ya shimfiɗa faifayensa a gefe, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Garken kirinjijiya ya tashi gabanmu da fito, suka yi gewaye biyu suka sauka nesa. A cikin tsuntsayen da ke kiwo bakin ruwa akwai baƙin da suka ƙetaro teku da Hamada daga Turai, domin a irin wannan lokaci ne suke isowa su yi hunturu tare da mu. Yawan tsuntsaye da kifi na cikin dalilan da suka sa a 2019 aka shigar da tafkin cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wadda Nijar ta shiga tun 1987.

Dattijo yana nuna mana gaɓa da haɓa. Can Ɗan Tudu, can Gamji. Nan kuma, ƙarƙashin waccan kuka, akwai kabari. Mutanen Madarunfa sun gaji labarin waliyyai 99 da ke kwance kewaye da tafkin, ana zuwa ziyararsu daga nesa, har daga ƙetaren iyaka. Tun 2006 ƙasarmu ta gabatar wa UNESCO sunan kaburburan, tare da tafkin da gandun dajin da ke kusa da shi, cikin wuraren da take fatan a sa su a gadon duniya. Duk inda muka zo daidai da kabari sai dattijo ya sassauta gwangwala, leɓunansa su motsa. Mu ma muka koyi yin shiru.

Gardama a inuwar giyayya

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka shiga bakin Gulbin Gabi. Nan duniya ta sake. Itatuwan giyayya suna tsaye cikin ruwa har ƙugu, rassansu sun haɗe bisa kanmu, iska na kuka a sama amma ba ta iso mu. Ruwa ya kwanta lumui, ba ka jin kome sai ɗigar filafili da tsallen tarwaɗa. Nan ne abokaina suka fara gane cewa tuƙi sana'a ce, domin da iska ta daina taimako sai jirgi ya dinga sunkuyar kowane kututture. Dattijo ya koya musu: a tsoma tare, a ja tare, a fid da tare, na gaba shi ke ba da ƙafa, na tsakiya ya bi shi ko da ya fi shi kuɗi.

Ba mu yi nisa ƙwarai ba muka iske rairayi ya tare hanya, gulbin ya rabu ƴan siraran rafuka. Dattijo ya ce nan ne iyaka. Ko da ma akwai ruwa, in ji shi, ba zai wuce da baƙi gaba ba, domin kowa ya san yadda ƴan bindiga masu satar shanu da mutane suka addabi yankin Gabi da dajin Baban Rafi a ƴan shekarun nan. Muka ɗaure jirgi, muka hau wani tsibirin yashi, muka buɗe guzuri: kwaɗon zogale, soyayyar gyaɗa, da shayin da Mushe ya zo da shi cikin gora.

Ciki ya ɗauka, sai baki ya buɗe. Mushe ya dubi rairayin da ya tare mu ya ce duk wannan aikin madatsar Jibiya ne. Ya jero hujjojinsa kamar yana gaban allo: an gina ta a ƙarshen shekarun 1980, tana riƙe ruwa wajen mita-kubik miliyan 140, kuma tun daga lokacin ambaliyar da ke shayar da fadama kowace shekara ta ragu. Ya tuna mana akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya mai mazauni a Yamai tun 1971, akwai kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan rabon ruwayen da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu, har da wannan gulbi namu. Ya ce takardu sun cika durowa, fadama na jin ƙishirwa.

Alhaji ya ce shi bai san durowa ba, abin da ya sani shi ne kifi ya ƙanƙance. Giwan ruwan da mahaifinsa ke saye a nan sai mutum biyu sun ɗauka, yanzu karfasa ce kamar tafin hannu. Ya ɗora laifin a kan masu kamu da gidan sauro, waɗanda ba su barin ko ɗan tsako.

Mushe ya aje kofinsa ya ce: «Alhaji, kai ne za ka yi maganar ɗan tsako? Garkar da ka saya bara a bakin tafkin nan, bagaruwa nawa ka sa aka sare? Injin ban-ruwa nawa ka dasa?»

Wuri ya yi tsit. Na san akwai tsohon miki ƙarƙashin wannan magana, na wani rance da aka nema ba a samu ba shekarun baya, amma ba a taɓa furta shi ba. Alhaji ya ce shi da kuɗinsa ya saya, mutum goma sha biyu ke ci a garkar nan, wanda kuma albashi ke iske shi ƙarshen wata ba shi da bakin koya wa kowa noma. Na yi ƙoƙarin sa baki, kowannensu ya ce in tsaya ga ƙwaryata. Dattijo bai ce uffan ba. Ya wanke kofinsa, ya yi alwala, ya ja mu sallar azahar, ya ce a tashi.

Komowa

Hausawa sun ce iska na wahal da mai kayan kara. Da muka fito daga inuwar giyayya muka fuskanci buɗaɗɗen tafki, sai muka tarar ba shi ne wanda muka ratsa da safe ba. Hazo ya shafe gaɓar Madarunfa ɗungum, rana ta koma kamar farin faranti, ruwa ya murtuke ya yi ja. Raƙuman ruwa gajeru ne amma a matse suke, wani na bin wani ba hutu, kowanne da farar kumfa a ka. Iskar da ta yi mana rakiya da safe, yanzu ita ce a ƙirjinmu, tana watsa mana ƙura a ido da ruwa a fuska.

Dattijo ya aje gwangwala ya ɗauki nasa filafilin. Ya ce doka ɗaya ce: hancin jirgi ya dubi raƙumi, kada a kuskura a ba shi haƙarƙari. Muka shiga. Jirgi ya hau, ya faɗo, ya hau, ya faɗo, kowace faɗuwa sai wani ruwa ya tsallako ciki. Na duƙa ina kwarfa ba ji ba gani, in zubar da ƙwarya ɗaya biyu su shigo. Na ɗaga kai na dubi wata kuka a gaɓar hagu, na kwarfa kamar sau hamsin, na sake dubawa, tana nan daidai inda take.

Abokaina kuwa fushi bai sake su ba. Mushe na ja da sauri kamar mai huce haushi, Alhaji na ja da ƙarfi a nasa lokacin, ba mai sauraren wani. Dattijo ya yi tsawa: «Tare! Ku ja tare!» Sau biyu yana mai da hancin jirgi da ƙarfin damtsensa. A na uku, Alhaji ya kai filafili ya sami iska maimakon ruwa, ya tafi gefe guda da dukan nauyinsa, jirgi ya juya ya ba da haƙarƙari. Raƙumi ɗaya ya cika shi rabi, na biyu ya ƙarasa.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na yi kalmar shahada. A cikinmu uku ba wanda ya iya iyo na kirki, mu ƴan tudu ne. Na ji ruwa ya rufe kaina, na ji hannu ya damƙi wuyan rigata, ina ta harbe-harbe, sai ƙafata ta taɓa wani abu mai tauri. Na miƙe. Ruwa iyakar ƙirjina. Ga Mushe tsaye, tabarau a karkace, ya riƙe Alhaji da hannu biyu gam, Alhaji kuma ya riƙe ni, hularsa na tafiya Gabi ita kaɗai. Muna tsakiyar tafki, ba gaɓa a gani ta kowane gefe, ga mu tsaye kamar masu wanka a rafi.

Dariya ta kece mana, irin wadda ke zuwa bayan tsoro, har da hawaye. Alhaji na cewa: «Mushe, sake ni, ai na tsaya!» Mushe na cewa shi bai yarda ba sai ya ga takarda.

Dattijo kaɗai bai yi dariya ba. Yana riƙe da igiyar jirgi, yana duban ruwan da ya tsaya masa a ƙirji. Can ya ce: «Ɗiyana, ku gode Allah, amma ni kuka ya kamace ni. Wurin ga da kuke tsaye, ina saurayi in koma ta maƙale, sai na nutsa har kunnuwana sun yi zahi kahin in taɓa ƙasa. Kuma bana shekarar cika ce.» Ya nutsa hannu ya ɗebo abin da muke takawa, ya buɗe tafinsa a gabanmu. «Baƙar laka ita ce ta tabki. Wanga ja, na gona ne.»

Na gona ne

Muka jirkice jirgi muka zubar da ruwa, na kwarfe saura. Tun da ƙasa na kusa, muka yi ta tura shi da ƙafa inda ya yiwu, inda ya yi zurfi mu hau mu tuƙa. Wannan karon ba wanda ya jira tsawa. Mushe na ƙirgawa da ƙarfi, Alhaji na amsawa, filafili biyu na shiga ruwa kamar hannu ɗaya. Abin da muka ratsa cikin awa guda da safe, sai da ya ci mana kusan uku.

Ina tafe ina juya maganar dattijo. Mushe bai yi ƙarya ba a kan Jibiya, domin madatsa ta rage wa fadama ruwa, kuma hakkinmu ne mu nemi a cika abin da aka sa wa hannu. Sai dai madatsa tare rairayi take yi, ba ta aiko shi, Gulbin Gabi kuma bai ma bi ta Jibiya ba. Jan yashin da ya cece mu daga gonakinmu ya fito. An sare itacen da ke riƙe gaɓa an kai Maraɗi an dafa tuwo da shi, har da tuwon gidan Mushe da na gidana. Ana gama girbi a kwashe kara ƙaf a sayar, a bar gona tsirara. Hunturu ya zo ya yaye ta, irin ƙurar da ta cika mana ido a ranar, damina ta zo ta haƙa kwazazzabai ta kwaso saura ta juye a tafki. Tafki kuma in ya cike sai ya baje ya yi faɗi ba zurfi, rana ta fi saurin shanye shi, kifi ya rasa maɓoya, iska kaɗan ta murtuke shi. Mai kallo daga gaɓa zai ce ruwa ya yi yawa bana. Sai wanda ya faɗa ciki ya san gaskiya.

Abin da ke ba ni ƙarfin zuciya shi ne maganin ba daga nesa za a sayo shi ba. A wannan jiha tamu ta Maraɗi ne, tun shekarun 1980, manoma suka rungumi sassaben zamani, watau barin tohon kututture ya girma a cikin gona maimakon a ƙone shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itace ya komo a wajen hekta miliyan 5 na ƙasarmu, har ana zuwa daga wasu ƙasashe koyo. Wanda ya iya rayar da tudu, bai kamata bakin ruwa ya gagare shi ba. Sunan da aka rubuta a Ramsar ko a UNESCO abin alfahari ne, amma ba ya tare yashi. Saiwa ke tare shi.

Rana na gab da faɗuwa muka iso mashigi, iska ta fara laushi. Masunta suka taso suna yi mana barka, suna dariya a ɓoye. Mata masu suyar kifi suka matsa mana kusa da wuta, muka zauna muna karkarwa, wayoyinmu uku duk sun mutu, littafina ya koma dame. Alhaji ya sayi tarwaɗa mai zafi ya fara tura wa Mushe. Sa'an nan na ji ya matsa kusa da dattijo, ya rage murya, ya ce: «Baba, taki nawa ya kamata mutum ya bari tsakanin shukarsa da ruwa?»

Dattijo ya ce: «Alhaji, ba ni za ka tambaya ba. Tambayi giyayya. Inda duk ka ga ta tsaya, nan gidan ruwa ne, kai baƙo ne.»

Da dare na isa gida, uwargida ta karɓi rigar tana faɗa, ta zazzage aljihu, jan rairayi ya zubo a tsakar ɗaki, ya kai cikin tafi guda. Ta ce mene ne wannan kuma? Na ce mata ɗan abin da na iya rage wa tafkin Madarunfa ke nan. Allah ya ba mu ikon rage masa fiye da haka, ya kuma bar mu da abokan da za su riƙe wuyan rigarmu, amin.